Gaisuwar Kashi Na Sha Ɗaya

"Ki kama bakinki, Hafiza. Abin da na roƙe ki ke nan, shi kaɗai."

Kamilu ne ya faɗa, bai ko ɗago ya dube ta ba. Yana zaune a kan benci cikin shagonsa na turin fina-finai da ke bakin kasuwar Ƙanƙara, ƙofa a saye, kwamfuta lulluɓe da tsumma. Shagon da a da sai ka yi turereniya kafin ka miƙa memorinka, yau kwana arba'in ba mai leƙowa.

Hafiza ta dire bokitin markaɗen da aka aike ta. Ta dube shi. Mutum ya rame ya yi baƙi, wuyan rigarsa har yana zamewa.

"In yi shiru har yaushe? Yau Baba zai maida maka kayanka. Bayan azahar, gaban kowa."

"Na sani. An aiko mani."

"Kuma za ka je?"

"Zan je."

"Ka je ka ce mi?"

"Abin da na ce tun farko. Ni na yi, ni kaɗai."

Sai ta fashe da kuka, ta toshe bakinta da gefen hijabi don kada 'yan kasuwa su jiyo.

"Ƙarya ce, Kamilu! Ni da kai mun san ƙarya ce! Ni na kawo maka maganar, ni na tsara maka abin da za ka faɗa. Har cewa ka yi anya, na ce ba komai. Ni na kashe Yaya Yahuza, kai kuma kana yawo da laifina a ka, gari duka ana tofa maka yawu."

"Ba ki kashe kowa ba. Waɗanda suka harbe shi su suka kashe shi."

"To mi ya sa ba ka iya duban idona?"



*

Ga yadda abin ya faro, don ba a tashi da niyyar mugunta ba, wallahi, da niyyar aure aka tashi.

Akwai wani dogon fim na Turawa mai zango-zango, wanda aka fi shekara goma ana yinsa. Wa da ƙane ne suke yawo gari-gari cikin tsohuwar mota suna farautar dodanni da fatalwa da mayu. Turancinsu ba mai ji a nan, sai Kamilu ya zauna gaban makirfo ya mayar da shi Hausa. Shi ne wan, shi ne ƙanen, shi ne dodon, har ihun matan shi yake yi. Sunan fim ɗin na ainihi ma ya ɓace, kowa Wa da Ƙane yake ce masa. Duk mako sabon kashi zai fito, masu turi su kwashe, kafin kwana uku muryar Kamilu ta cika wayoyin Ƙanƙara da Faskari har Sabuwa.

Masu fassara kuwa suna da wata al'ada. Ana tsakiyar tashin hankali, dodo ya wage baki zai haɗiye mutum, sai mai fassara ya rage sauti ya hau gaishe-gaishe. Ina gaida wane mai shayi na Yargoje. Ina gaida wance amarya a Damari. Wanda aka kama sunansa sai ya yi mako guda yana bin mutane yana kunna musu wurin, baki har kunne.

Shekara biyu Kamilu yana neman Hafiza. Mahaifinta, Alhaji Muttaka, ya karɓi kayan sa rana, amma babban wanta Yahuza ya kafe ya ce bai yarda ba. Wai surutu a kan fim ɗin Turawa ba sana'a ba ce. Ka ji mutum! Alhali duk gidan ba wanda ya kai shi nacin kallon Wa da Ƙane, in ya dawo daga gonarsu ta Pauwa ko takalmi bai cirewa sai ya kunna. Alhaji kuwa ba ya tsallake maganar Yahuza, don haka rana ta ƙi sawuwa.

Sai dabara ta faɗo wa Hafiza. Ta ce wa Kamilu ya gaishe da yayyenta a cikin fim, ko zuciyar Yahuza ta yi laushi. Da ya tambaye ta wane kirari zai yi musu, sai ta rage murya ta faɗa masa abin da mutanen gidansu kaɗai suka sani: Yahuza da ƙanensa Almu suna taimakon 'yan sa-kai a ɓoye. Su suka san hanyoyin dajin Pauwa, su suke nuna inda 'yan bindiga suke bi. Ba su taɓa rataya bindiga a bainar jama'a ba, kowa manoma ya ɗauke su.

Kamilu ya ce anya. Ta ce ai ba fili zai fito ba, a lulluɓe zai faɗa, su biyun kaɗai za su gane.

Haka a kashi na sha ɗaya na zango na bakwai, sauti ya ragu, muryar Kamilu ta fito fes: "Gaisuwa ta musamman ga Yahuza da Almu, 'ya'yan Alhaji Muttaka. Ga namu wa da ƙanen, masu farautar dodannin dajin Pauwa na gaske. Allah shi tsare."

Kwana tara bayan nan, da rana tsaka, 'yan bindiga suka tare motar kasuwa a hanyar Pauwa. Ba su karɓi wayar kowa ba, ba su kora kowa daji ba. Ɗaya daga cikinsu ya leƙo ta taga yana dariya, ya ce, "Ina Yahuza mai farautar dodanni? To ga dodannin sun zo."

Ashe su ma can cikin daji kallon fim ɗin suke yi, ba ya wuce su. Wa ya taɓa kawo wannan a ransa?

Almu Allah ne ya yi da sauran kwanansa, zazzaɓi ya hana shi bin motar. Da fasinjoji suka maimaita maganar da aka yi a bakin taga, gari ya ɗauka. Aka titsiye Kamilu a wurin zaman makoki, ina ya ji wannan sirrin? Ya sunkuyar da kai ya ce a bakin 'yan kasuwa ya tsinta.

*

"Na je Faskari," in ji Kamilu, muryarsa a dishe. "Na je Sabuwa, na shiga har Damari. Duk mai turin da na sani na durƙusa mashi ya goge kashin nan. Sun goge. Jiya ina wucewa ta tasha na jiyo shi a wayar wani direba. Ba ya goguwa, Hafiza. Sunan Yaya Almu yana nan yana yawo da muryata."

"Shi ya sa zan faɗa. Ba zan bari a raba mu a kan laifin da ba naka ba."

"In kika faɗa, kin raba kanki da Inna. Matar nan ɗa guda ta rasa, kina so ki mayar da shi biyu? Ni bare ne. In sun tsane ni, sun sami inda za su aje baƙin cikinsu. In ke ce fa? Ina za su kai shi?"

"Ni kuma in kai nawa ina? Kullum Inna sai ta tsine ma wanda ya faɗa maka. Ina zaune gabanta, ina miƙa mata ruwa, tana cewa Allah ya isa, ni kuma ina cewa amin. Amin nike cewa, Kamilu!"

Nan ya ɗago. Idanunsa sun kaɗa sun yi jawur.

"Ina son ki, Allah shi ne shaida. Ban taɓa son wani abu a duniya kamar ke ba. Amma gara in gan ki gidan wani da albarkar iyayenki, da in gan ki ɗakina babu ita. Ki yi mani alkawari."

"Ba zan yi ba."

"Hafiza."

"Na ce ba zan yi ba!"

Ta sunkuci bokitinta ta fito tana share fuska. Tana sako ƙafa waje ta yi kiciɓis da Mas'udu a kan babur, ya kashe inji ya harɗe hannuwa, da gani ya daɗe a wurin.

Mas'udu ɗan ƙanen Alhaji ne, yana sayar da taki a Faskari. Ya daɗe yana son Hafiza tana kaucewa. Tun da aka yi rasuwar nan ya tare a gidan, shi ne shimfiɗa tabarmi, shi ne raka baƙi, kukansa ma ya fi na 'yan gida ƙara. Kowa ya san abin da yake nema, shi ma bai ɓoye ba.

"Sannu ƙanwata," ya ce. "Ashe nan aka mayar da injin markaɗe?"

"Ba ni hanya, Yaya Mas'udu."

"Ranar sadakar arba'in ɗin ɗan'uwanki, kina shagon wanda ya sayar da shi. Ko kunyar ƙasar da ta rufe shi ba ki ji ba? Ni dai da ni ne ke, ko sunan mutumin nan aka kama sai na wanke kunnena."

"Da yake ba kai ba ne fa?"

Ya yi murmushi ya tayar da babur. "Za mu gani bayan azahar."

*

An yi addu'a da hantsi, an raba waina da gumba, jama'a sun watse. Bayan azahar zauren ya rage daga Alhaji Muttaka sai liman, sai Almu da Mas'udu. A tsakiyarsu ga akwatin kayan sa rana, an ɗaure shi da igiya kamar kayan da za a kai tasha.

Hafiza tana laɓe bayan ƙyauren da ya shiga cikin gida.

Kamilu ya yi sallama. Liman kaɗai ya amsa. Ya cire takalmi tun daga waje, ya shigo ya durƙusa nesa da tabarma, a kan ƙasa.

Alhaji ya daɗe yana jan carbi kafin ya yi magana. Cikin kwana arba'in gemunsa ya ida yin fari.

"Kamilu, ban kira ka don in zage ka ba. Zagi ba ya tada wanda ya kwanta. Na yarda da ƙaddara, na kuma san ba ka yi don a kashe shi ba. Amma ni mutum ne. Ba ni iya buɗe ido in ga jikokina suna magana da muryar nan taka. Ga kayanka. Ka nemi matarka a wani gidan."

"Na gode, Baba. Allah shi huci zuciyarka. Duk abin da kuka yi mani, na cancanta."

"Ka cancanci abin da ya fi haka!" Almu ya zabura, liman ya riƙe masa hannu. "Ni yanzu ko gona ba ni zuwa. Ko masallaci sai na waiga sau goma. Ka mayar da ni mace a cikin gida don kana son a ce ka iya kirari! Kuma har yau ka ƙi faɗin wanda ya ba ka labarin. Wallahi ranar da na san shi..."

"A kasuwa na ji, Yaya Almu."

Mas'udu ya gyara zama ya yi gyaran murya. "Baba, tun da an kashe wannan maganar, ni ina ganin kada a bar yarinyar nan haka. Ɗazu ma a shagonshi na gan ta. In an ba ni dama, ni mai rufa ma gidanmu asiri ne."

Alhaji ya ce, "Ba ni yi mata dole. Amma zan tambaye ta."

"Ba sai ka tambaye ni ba, Baba."

Duk suka juya. Hafiza ce ta turo ƙyauren ta shigo, ta zube a gaban mahaifinta. Kamilu ya girgiza mata kai, yana roƙonta da ido. Ta kau da fuska.

"Ba a kasuwa ya ji ba. Ni na faɗa mashi."



"Ni na ce ya gaishe su. Ni na faɗa mashi suna taimakon 'yan sa-kai. Maganar dodannin dajin Pauwa ma daga bakina ta fito, shi maimaitawa ya yi. Ya ce anya, na ce ba komai. So nike Yaya Yahuza ya ji daɗi ya yarda a sa mana rana. Wallahi Baba abin da nike so ke nan, ban san..." Kuka ya ci ƙarfinta, ta kifa goshi a ƙasa.

"Ƙarya take yi!" Kamilu ya ɗaga murya. "Baba, kada ka saurare ta. So take ta wanke ni. Ba ta san komai ba, wallahi yarinyar nan..."

"Dakata," in ji Alhaji. "Kada ka yi saurin kama sunan Allah."

Ya miƙa hannu kan taga ya ɗauko Alƙur'anin da aka yi saukar safe da shi, ya aje a kan buzu tsakaninsa da Kamilu.

"Da alwalarka?"

"Da ita, Baba."

"To dafa. Ka ce ba daga bakin ɗiyata ka ji ba. In ka rantse na yarda da kai, in ɗauka zafin so ne ya sa ta sambatu, magana ta mutu a zauren nan."

Kamilu ya matso da gwiwoyinsa. Ya ɗaga hannu. Hafiza tana kallon hannun nan a saman Littafin, saura kaɗan ya taɓa. Gumi ya keto masa. Ya buɗe baki, mutumin da ya yi shekaru yana magana da muryar mutum goma, yau ko ɗaya ta ƙi fita.

Ya janye hannun, ya rufe fuskarsa da shi, ya fashe da kuka kamar ƙaramin yaro.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji liman.

Almu ya miƙe tsaye. Ya dubi ƙanwarsa. Ya tsallake akwatin ya fice waje, ko takalmi bai tsaya sawa ba.

Mas'udu kuwa, mai rufa wa gida asiri, sai ga shi yana ja da baya a kan tabarma yana laluben makullin babur. "To, Baba, ni dai dama shawara ce na kawo. Abin ashe babba ne." Ba wanda ya ko dube shi.

Alhaji ya mayar da Alƙur'anin kan taga. Hawaye yana bin gemunsa, amma muryarsa ba ta yi rawa ba.

"Kwance igiyar nan, Malam. A mayar da akwatin cikin gida."

Liman ya dube shi. "Alhaji, a bari zuciya ta huce tukuna."

"Ta huce. Kamilu, gobe bayan sallar Juma'a ka turo magabatanka. Na ba ka ita."

Hafiza ta ɗago a firgice. Shekara biyu tana roƙon Allah ta ji kalmar nan daga bakin mahaifinta, yau ta ji ta, sai ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi.

"Baba, don Allah..."

"Ba zan yi maki baki ba, ke ɗiyata ce. Amma ba ni iya kwana gida ɗaya da ke, kuma ba ni da tabbacin abin da Almu zai yi. Ba biki, ba guɗa, ba rakiya. Ku biyu kun san abin da kuka sani, ku je ku zauna da shi."

"Baba, kada ka yi mata haka," Kamilu ya ce cikin kuka. "Na fasa. Wallahi na fasa, ku riƙe ta."

"Ba kai ke fasawa ba. Tashi ka ba ni wuri."

Hafiza ta juya za ta koma ciki, sai ta ga ƙyauren a buɗe. Gefen zanen mahaifiyarta, Inna Adama, ta hango yana shigewa ɗaki. Ashe tana tsaye a wurin tun farko.

*

Da rarrafe ta shiga ɗakin. Inna tana zaune a bakin gado, hannuwanta a kan cinya, idonta a bushe ƙamas. Hafiza ta kama ƙafafunta ta kifa kai a kansu.

"Inna ki yafe mani. Ki buge ni, ki tsine mani, ki yi duk abin da kike so, amma ki yi mani magana. Inna!"

Can waje ana jiyo matan da suka zo taya aiki suna kankare tukwane, ba su san abin da ake ciki ba.

Da Inna ta buɗe baki, a hankali ta yi maganar, kamar mai tambayar hanya.

"Abu guda nike so ki faɗa mani."

"Faɗi, Inna."

"Yahuza."

Hafiza ta ɗago da sauri. Tun da aka haife ta ba ta taɓa jin sunan nan a bakin Inna ba. Ɗan fari ne, ko yana raye sai dai ta ce yayanku.

"Gaisuwar nan da kika sa aka yi mashi. Da ya ji ta, ya yi murna? Ya yi dariya? Ki ce mani ɗana ya ji daɗinta ko na yini guda, in san ba a banza ya tafi ba."

Ga ƙarya nan a kan harshen Hafiza, 'yar ƙarama, mai sauƙi. Ta ce e kawai, tsohuwar nan ta sami abin riƙewa. Amma ta gaji da ƙarya, kwana arba'in tana cinta.

"Aikin gona ya riƙe shi, Inna, an wuce shi a kallon. Kullum sai na tambaye shi ina ya kai, ina jira ya iso wurin." Muryarta ta karye. "Ranar da ya fita, a kashi na tara yake. Gaisuwar tana na sha ɗaya."

Inna ta daɗe tana dubanta.

"Bai ji ba ke nan."

"Bai ji ba, Inna."

"Su suka riga shi ji."



Inna ta sunkuya, ta ɓamɓare yatsun 'yarta daga ƙafafunta ɗaya bayan ɗaya, ba da faɗa ba. Ta hau gado ta kwanta, ta juya fuskarta bango.

"In za ki fita, ki sakar mani labule."